Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Sakkwato Kan Bugun Zuciya Da Sa'o'in Da Muke Asara

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Ahmed Aliyu,
Gidan Gwamnati, Sakkwato.



Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, ina rubuto maka daga Ƙofar Marke a kan wata mutuwa da ta yawaita a cikinmu har mun fara sabawa da ita. Ita ce mutuwar magidanci ɗan shekara hamsin da 'yan kai, wanda aka yi sallar La'asar da shi, ya dawo gida ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, aka aiki yaro kemis ya sayo maganin olsa, kafin kiran Assalatu aka ce sai haƙuri. A wurin zaman makoki za ka ji ana cewa lafiya lau aka rabu da shi, ko kwanciya bai yi ba, kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, wannan babu musu. Amma da yawa daga cikin irin wannan mutuwa likitoci sun san sunanta, sun san hanyar da take biyowa, sun kuma san cewa tsakanin fara ciwon da fitar rai akwai sa'o'in da ake iya ceton mutum a cikinsu. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce: abin da ya fi cin ran mai bugun zuciya a jiharmu shi ne jinkiri, kuma jinkirin nan gwamnatin jiha na da ikon rage shi da kuɗin da bai fi ƙarfinta ba.

Sai an san abin da ke faruwa a cikin ƙirji kafin a gane dalilin da ya sa sa'a ɗaya take da wannan daraja. Zuciya tsoka ce da ba ta hutawa, kuma ita ma tana da sirayen jijiyoyin da ke kai mata nata jinin. Shekara da shekaru kitse na taruwa a bangon waɗannan jijiyoyi ba tare da mutum ya ji komai ba. Rana ɗaya wurin da kitsen ya taru sai ya tsage, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. Duk wanda ya taɓa ganin manomin albasa a fadamar Rima ya san abin da ke biyo baya idan laka ta toshe magudanar da ke shayar da fangali: in an buɗe da wuri shuka ta farfaɗo, in an bari rana ta yi aikinta, ko an kwararo ruwa daga baya babu abin da zai tashi. Naman zuciyar da jini ya daina isa gare shi yakan fara mutuwa cikin kamar minti ashirin zuwa talatin, ɓarnar na faɗaɗa sa'a bayan sa'a, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. A cikin waɗannan sa'o'in farko ne kuma bugawar zuciya ke iya rikicewa ta tsaya cak. Wanda ya tsira bayan dogon jinkiri sau da yawa yakan tsira da raunanniyar zuciya, ya rage yana haki in ya taka zuwa masallaci, ƙafafu na kumbura, kasuwa ta gagare shi, gidan da yake ciyarwa ya koma ciyar da shi.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Nauyi ne ko matsewa a tsakiyar ƙirji, kamar an danne mutum, wanda ke wuce minti goma sha biyar bai saki ba. Yakan miƙa zuwa hannun hagu, ko muƙamuƙi, ko tsakanin kafaɗu, ko saman ciki, tare da zufa mai sanyi, tashin zuciya da sarƙewar numfashi. Mata, da tsofaffi, da masu ciwon suga kuwa sau da yawa ba su jin ciwon ƙirjin sosai, sai dai kasala mai tsanani, ko haki, ko zafi a bakin ciki. A nan ne olsa ke ɗaukar laifin da ba nata ba. Da zarar an ce olsa ce, an ba mara lafiya farin maganin kwalba ko madara, hankali ya ɗan kwanta, sai a ce a bari zuwa safe. In abin ya ƙi, a kira mai allura na unguwa. In ya ci gaba, a jira babban wa ya zo a yi shawarar kuɗi. In mace ce, wani lokaci sai an jira maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. Babu mugu a cikin waɗannan mutane, duk masoya ne, kowa na yin iya abin da ya sani. Abin da ba su sani ba shi ne kowane mataki a cikin waɗannan na cinye wani yanki na zuciyar da suke ƙoƙarin ceto.

Wannan ba hasashe ba ne, kuma hujjar daga garinmu ta fito. Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ya jagoranci babban binciken da aka yi a asibitocin Najeriya kan masu bugun zuciya da dangoginsa, wanda ya tattara bayanan marasa lafiya 1,072 tsakanin 2013 da 2018, aka buga shi a 2022. Binciken ya nuna fiye da rabinsu sun isa inda za a iya duba zuciyarsu ne bayan sa'a 12 da fara ciwo. Waɗanda motar asibiti ta kai ba su wuce kashi 12 cikin 100 ba. Kusan takwas cikin goma na da hawan jini, kuma matsakaicin shekarunsu 59 ne, wato mutanen da har yanzu ke da 'ya'ya a makaranta. A lura, ranka shi daɗe, waɗannan su ne masu rabon da suka kai ga babban asibiti har aka rubuta sunansu. Wanda ya cika a ɗakinsa a Gudu ko Kebbe, ko a bayan mota kan hanyar Illela, ba ya cikin lissafin kowa.

Sa'a 12 ɗin nan ba adadi ba ne kawai. Ita ce iyakar lokacin da allurar narkar da daskararren jini ke da amfani, kuma mafi yawan amfaninta na cikin sa'a biyu zuwa uku na farko. Tun 1988 duniya ta san ƙarfin wannan magani. A shekarar aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi kan marasa lafiya sama da 17,000 a ƙasashe da dama, ya nuna asfirin kaɗai na rage mutuwa a makonni biyar na farko da kusan kashi 23 cikin 100, allurar streptokinase kaɗai da kusan kashi 25, in an haɗa su biyun kuwa da kusan kashi 42. Asfirin ɗin nan shi ne wanda ke kan kantar kowane kemis daga Ƙofar Marke har Ƙofar Kade, streptokinase kuma tsohon magani ne da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Gaskiya ne hanya mafi inganci a yau ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya a buɗe wurin da ya toshe, a saka 'yar raga ta riƙe shi. Sai dai ɗakunan da ke yin wannan aiki kaɗan ne a Najeriya, yawancinsu a Legas da Abuja, kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, kuma ƙa'idar likitocin zuciya da kansu ita ce: in ba za a iya kai mutum irin wannan ɗaki cikin sa'a biyu ba, a yi masa allurar a inda yake, daga baya a tura shi. Mafi yawan mutanen ƙananan hukumomi 23 na jiharmu a ƙarƙashin wannan ƙa'ida suke.

To me ke hana a yi allurar? Abu na farko shi ne ba a yin ta da ka. Dole a ɗauki zanen bugawar zuciya da na'urar da ma'aikatan asibiti ke kira ECG, domin nau'in toshewa ɗaya ne kawai allurar ke yi wa amfani, kuma zanen ne ke nuna shi. Na'urar ba ta fi ƙaramar jaka girma ba, akwai mai aiki da batir. A kwantar da mara lafiya, a manna masa wayoyi guda goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, a danna maɓalli, takarda ta fito da zane cikin 'yan mintoci. Ƙa'ida ita ce a yi haka cikin minti goma da isowar mai ciwon ƙirji. Ma'aikacin jinya zai iya koyon ɗaukar zanen cikin 'yan kwanaki. Karanta shi ne ke bukatar gwani, kuma gwanin ba sai yana wurin ba: a ɗauki hoton takardar da waya, a tura ta WhatsApp ga likitan da ke bakin aiki a cikin birni, ya duba ya ce a yi ko kada a yi. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ta gina tsarinta a kan wannan tun shekarun 2010, inda ƙananan asibitoci ke ɗaukar zane su tura, su yi allura, sannan su miƙa mara lafiya ga babban asibiti. Roƙona na farko ke nan: kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya samu wannan na'ura, da takardarta, da wanda ya iya ta dare da rana, da lambar waya ɗaya da aka tabbata za a ɗauka. Asibitin Ƙwararru na jiha da Asibitin Koyarwa na tarayya su ƙulla yarjejeniya a rubuce kan wanda zai riƙa karanta zanen a kowane dare. Bambancin mai asibiti, tarayya ko jiha, bai shafi mutumin da ke riƙe da ƙirjinsa ba.

Abu na biyu kuɗi ne, kuma ina nufin kuɗin bakin ƙofa. Ko an gane ciwon cikin minti goma, in aka miƙa wa iyali takarda aka ce su je su sayo allura, an koma gidan jiya. Ɗa zai hau kabu-kabu ya zaga shagunan magani da tsakar dare, wani ya shiga kiran dangi a waya ana haɗa kuɗi, sa'o'in da aka ceto su sake zubewa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, ta kuma kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, aka ware kashi biyar cikin ɗari na asusun don agajin gaggawa. Doka tana nan, amma doka ba ta ajiye magani a kabad. Abin da ake bukata akwati ne a ɗakin agajin gaggawa na kowane asibitin da aka zaɓa, da asfirin, da maganin hana daskarewar jini, da allurar narkarwa, a buɗe shi a yi amfani da shi kafin a tambayi ko kwabo, sannan hukumar inshorar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ta biya ta mayar da abin da aka ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba a sayi allurar an ajiye tun kafin a bukace ta ba, daidai yake da babu ita.

Sai abin hawa. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin motocin agajin gaggawa na ƙasa a 2022, kuma akwai lambar 112. Jiha ta riƙe nata ɓangaren da gaske, da mota mai mai a tanki, da direba a kusa, da na'urar farfaɗo da zuciya a ciki. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, har zuwa wasu shekaru mai keke da direban tasha da maƙwabci mai mota su ne za su ci gaba da kai yawancin marasa lafiyarmu asibiti. Su ya kamata a fara koya wa inda za su nufa kai tsaye, kada su tsaya a ƙaramin shago ko asibitin da ba shi da na'ura. A kuma koya musu, tare da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da malaman makaranta da 'yan kasuwa, abin da ake yi in mutum ya yanke jiki ya faɗi ba ya numfashi. Abin da aka saba shi ne a yayyafa masa ruwa, a cusa cokali a baki, a yi cincirindo a kansa. Abin da ke ceto shi ne a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har taimako ya zo. Yini ɗaya ya isa a koyi wannan.

Duk waɗannan ba za su yi aiki ba in mutum bai bar gida ba, don haka saƙon da ya isa kunnen jama'a shi ne tushe. Saƙon gajere ne: nauyin ƙirji da ya wuce minti goma sha biyar, musamman da zufa ko haki, a tafi asibiti yanzu, ko da ƙarfe biyun dare ne, ko mace ce maigida ba ya nan. In babba ne, jikinsa ba ya ƙin asfirin, ba ya aman jini ko kashin jini, kuma babu alamar shanyewar ɓarin jiki, ya tauna ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 a hanya. Gidan Rediyon Rima da talabijin na jiha naka ne, ranka shi daɗe. Limaman Juma'a, tun daga Masallacin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello har na ƙauyuka, ba za su ƙi minti biyu ba in an kai musu bayanin a rubuce. Mun ga abin da Fadar Sarkin Musulmi da hakimai da masu unguwanni suka yi a yaƙi da shan-inna har aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga Afirka a watan Agustan 2020. Hanyar da ta kai ɗigon rigakafi kowane zaure za ta iya kai wannan gajeren saƙo.

Na san abin da masu ba ka shawara za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Za su ce bugun zuciya ciwon masu kuɗi ne da Turawa, mu kuwa zazzaɓin cizon sauro ke kashe yaranmu, ga tamowa, ga mata na mutuwa wurin haihuwa, ga amai da gudawa duk damina, ga rashin tsaro da ya raba mutanen Isa da Sabon Birni da asibitocinsu. Babu mai hankalin da zai ce a ɗebe kuɗin waɗannan a kai wa zuciya. Amma zancen cewa ciwon masu kuɗi ne ya daɗe da tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu sun faru ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Attajiri in ƙirjinsa ya motsa jirgi zai hau zuwa Abuja ko Alƙahira. Wanda ke mutuwa a kan tabarma ana ce masa olsa shi ne mai shayi, da tela, da malamin firamare da ya yi ritaya. Sannan a duba wanda ke mutuwar: uba ne ko uwa da ke riƙe da mutum goma. Ranar da ya faɗi, yaran da ake yi wa yaƙi da tamowa su ne farkon waɗanda abincinsu zai ragu.

Akwai kuma amsar da ta fi wannan ƙarfi, ita ce hawan jini. Shi ne babbar ƙofar da bugun zuciya ke shigowa ta ita a ƙasarmu, kuma ta wannan ƙofar ce shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da gazawar zuciya ke shigowa, waɗanda a asibitocinmu sun ma fi bugun zuciya yawa. Kusan ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da shi, da yawansu ba su sani ba, domin ba ya ciwo. Waɗanda suka sani kuma sukan sha magani wata ɗaya, su ji garau, su ajiye, ko kuɗi ya yanke. Gano shi bai wuce minti biyar ba: a zauna a huta, a ɗaura awo a damtse, in ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya a ranaku daban-daban, a fara magani. Tun 2020 jihohin Kano da Ogun suka shiga wani shiri na ƙasa inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke auna jini su ba da magani bisa tsari guda mai sauƙi da ke farawa da ƙwayar amlodipine, an kuma yi irinsa a cibiyoyi 60 na Babban Birnin Tarayya. Sakkwato na da mazaɓu 244. In cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa ta samu ma'auni mai kyau, da littafin rajista, da maganin da ba ya yankewa, da wanda zai kira mara lafiya in bai dawo ba, naira ɗaya za ta yi maganin cututtuka huɗu. Matanmu ma za su amfana ta wata fuska, domin wani bincike da aka buga daga Sakkwato a 2007 ya samu raunin zuciyar da ke kama mai jego a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Cuta ce daban da bugun zuciya, amma ma'aikacin da ya koyi ɗaukar haki da kumburin ƙafa da muhimmanci shi ne zai gano ta.

Sauran hanyoyin kariya sanannu ne. Binciken da aka yi a ƙasashe 52 aka buga a 2004 ya nuna abubuwa tara ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko, a gabansu akwai kitse a jini, da taba, da hawan jini, da suga, da tumbi. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram biyar ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, alhali tukunyar miyarmu na karɓar gishiri, ta karɓi dunƙule uku ko huɗu, a kuma barbaɗa yaji mai gishiri a kan tsire da dare. Dokar Hana Shan Taba ta 2015 ta hana sayar wa yara da shan ta a wuraren taruwar jama'a, kuma shisha taba ce. Waɗannan na bukatar haƙuri da shekaru, ba na kuma son su zama mafakar da za a ce laifin jama'a ne, su gyara cin abincinsu. Mutumin da jijiyarsa ta toshe a daren yau, wa'azin gishiri ya riga ya wuce shi.

Za a kuma ce ina ma'aikatan, likitoci na barin ƙasa, kuma allurar narkar da jini na da haɗari a hannun wanda bai ƙware ba. Haɗarin gaskiya ne. Tana iya jawo zubar jini, har a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a yi wa wanda ya taɓa zubar jini a kai, ko wanda aka yi wa babbar tiyata kwanan nan, ko wanda jininsa ya hau ƙwarai sai an sauko da shi. Amma waɗannan tambayoyi ne da ke shiga takarda ɗaya, a bi su ɗaya bayan ɗaya, likitan da ke waya ya tabbatar. Ƙarancin ƙwararru hujja ce ta goyon bayan wannan tsari, domin shi ne ke ba likitan zuciya ɗaya da ke cikin birni damar duba mara lafiya a Tambuwal da wani a Gwadabawa a dare guda. Ba sai an fara da ko'ina ba. A ɗauki asibiti ɗaya ko biyu a kowace shiyyar sanata, a yi shekara, a ga inda ya yi tuntuɓe, a gyara, sannan a faɗaɗa.

Wasu kuma za su kawo maka shawarar da ta fi daɗin ji, su ce a gina katafariyar cibiyar zuciya da ɗakin zura bututu, a kira manyan baƙi a yanke ƙyalle. Ina fatan ranar da Basakkwace zai samu wannan aiki a gida ba sai ya tafi Abuja ba, kuma tana da muhimmanci. Sai dai in aka fara da ita alhali fiye da rabin marasa lafiya na isowa bayan sa'a 12, za a samu ɗaki mai tsada da ke jiran mutanen da naman zuciyarsu ya riga ya mutu a hanya. Cibiyar za ta yi amfani ne idan akwai ƙananan asibitocin da ke gano ciwon da wuri su turo mata. A fara da su, ita ta biyo baya.

Saura maganar ƙaddara, wadda ba a cika faɗa a ofis ba amma tana zuciyar kowa. Mun yi imani babu ran da zai wuce wa'adinsa. Mun kuma gaji malaman da ba su taɓa ɗaukar wannan imani a matsayin dalilin barin magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa wannan birni da ganuwarsa da ƙofofinsa, duk da yaƙi da mulki da ke kansa ya zauna ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir, domin ya ɗauki lafiyar talakawansa a cikin aikin shugaba. Iyalin da suka kai mahaifinsu asibiti cikin sa'a ɗaya, aka yi duk abin da ya dace, Allah Ya karɓi abinsa, sun yi tawakkali na gaskiya. Waɗanda suka kwana suna ba shi maganin olsa don babu wanda ya taɓa gaya musu alamomin, ko suka je suka tarar babu na'ura, akwai tambayar da ta rage a kansu, kuma ba su kaɗai za a yi wa ita ba.

Don haka, ranka shi daɗe, ina roƙonka ka umarci Ma'aikatar Lafiya ta zauna da likitocin zuciya da ke Sakkwato su fitar da tsari a rubuce, ka sa masa layinsa na kansa a kasafin kuɗi mai zuwa, kuma ka sa kowane asibitin da ya shiga ya riƙa rubuta lokuta uku ga duk mai ciwon ƙirji: lokacin da ciwon ya fara, lokacin da ya iso, da lokacin da aka ba shi magani. A riƙa kawo maka waɗannan alƙaluma duk wata uku, a kuma karanta wa jama'a su a rediyo, domin da su ne mu da kai za mu san ko jinkirin na raguwa. Ilimin na nan a cikin garinmu, maganin ba sabo ba ne, doka ta riga ta ba da dama. Umarninka ake jira.

Allah Ya ba ka ikon yi, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan jiha daga Ƙofar Marke, Sakkwato.